Injinku Bai Iya Ƙirga Biyu Ba

Zuwa ga Injiniyan da ya haɗa mana akwatin sarrafa injin matsar man gyaɗa a Ƙofar Dawanau,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da ma'aikatan kamfaninku.

Ni ce mai kula da aiki a ƙungiyar matan da kuka yi wa wannan akwati. Kafin nan malamar lissafi ce ni. Na rubuto a fili ne domin rahotonka kan hatsarin ranar Talata ma a fili aka karanta shi, gaban kwamitin ƙungiyarmu, inda ka ce "kuskuren ma'aikaciya ne". Ma'aikaciyar tana da suna, Yaya Rabi, kuma ranar Asabar kwamitin zai zauna ya sallame ta bisa maganarka.

Na ɗaya. Ka sa mana maɓallai a wuri biyu, bakin injin da ƙarshensa, kowanne da na gaba da na baya. Ranar Talata injin ya cushe, aka tsayar da shi. Yaya Rabi ta miƙe, ta zura muciya a bakin injin, ta danna na baya don ya saki tunkuzar. Zainab, ƙaramar ma'aikaciyar da ke ɗaya ƙarshen, ta ga babba ta miƙe. A gidajenmu ƙaramar mace ba ta zama tana kallon babba ta kama aiki, sai ta riga ta. Ta zaci tayarwa za a yi, ta danna na gaba. Injin ya samu umarni biyu masu karo da juna, ya zaɓi gaba, ya cinye muciyar, ya murɗe wa Yaya Rabi wuyan hannu.

Na biyu. Na gwada da kaina, babu gyaɗa a ciki. Na danna na baya, Zainab ta danna na gaba. Duk sanda muka yi, gaba yake tafiya. Ka tsara masa cewa umarnin da ya karanta a ƙarshe shi ke da gaskiya. Ba ka koya masa ya duba ko maɓalli nawa ne a danne ba.

Na uku, kuma wannan ko 'yan aji ɗaya na koya wa. Maɓallin da aka danna ɗaya ne, wanda ba a taɓa ba sifili. A tara su. In jimla ta wuce ɗaya, inji ya tsaya cak, jar fitila ta kama, kada ya sake motsi sai an saki duka. Na karanta littafin da ka bar mana daga bango zuwa bango. Akwai shafi guda a kan goge ƙura. Babu layi ɗaya a kan wannan.

Da ka zo duba ɓarnar ka shawarce mu da mu hana mata biyu tsayawa kusa da injin. Ranka ya daɗe, kai ka sa maɓallan a wuri biyu.

Buƙatuna biyu ne. Ka gyara tsarin. Sannan ka rubuta wa kwamiti, da sa hannunka, kafin Asabar, cewa Yaya Rabi ta danna maɓallin da ya dace. Kullum tana zuwa da ɗaurarren hannu, ta zauna a ƙofa tana tsince duwatsu daga gyaɗa da hagu, don kada a ce ta yi fashi.

Allah ya ƙara maka ilimi, ya tsare maka hannayenka biyu.

Wassalam,
Malama Hadiza, Madabo