Sakamakon Marlys

Bella Coola, Afrilu

Ƙanwata Glenda,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki?

Kin san gwajin sankarar bakin mahaifa da ake aiko wa mace har gida, ta ɗauka da kanta da ɗan tsinken auduga, ta mayar ta gidan waya? Na yi. An kira ni, wai an ga ƙwayar HPV, irin wadda ba a wasa da ita. Ba sankara ba ce, amma sai na je asibitin garin Williams Lake an duba ni.

Ba wannan ya dame ni ba. Ta wurin namiji ake samun ta, ni kuwa ban taɓa sanin kowa ba sai yayanki Arvid, ga shi ya daɗe a kabari. Ke kin san shi tun kafin ni. Lokacin da yake tafiya kamun kifi wata da watanni, akwai wata mace? Ki gaya mini gaskiya.

Taki,
Marlys

Kamloops, Afrilu

Matarmu,

Na gaishe ki. Ƙafa tana nan da halinta.

Na tambayi maƙwabciyata, tsohuwar nas ce. Ta ce ƙwayar nan takan kwanta a jiki shekara da shekaru ba motsi, har daga kafin aure ma. Arvid ya yi 'yan mata kafin ke, wannan kowa ya sani, ko da yake da kunnuwan nan nasa har yau ina mamaki.

Bayan aure kuwa, ban taɓa ji ba, ban taɓa gani ba. Amma ba na cikin jirgin kamun kifin, ba zan rantse miki ba.

Kada ki hau dutsen nan na hanyar Williams Lake da mota ke kaɗai. Zan zo in kai ki. Ki tanadar mini bandar kifi.

Ƙanwarki,
Glenda

Bella Coola, Yuni

Glenda,

Ina fata kin isa lafiya. Na gode, duk da tuƙinki ya fi asibitin ban tsoro.

Likita ta kira. Ɗan wurin da suka cire mini a bakin mahaifa ranar da muka je bai kai ga zama sankara ba, kuma sun kwashe shi tas. Za a sake gwada ni nan gaba.

Waccan tambayar kuma na ajiye ta. Mai amsa ta ba ya nan, ni kuwa ina nan, ga dankalina yana jiran a yi masa huɗa.

Sai kin zo,
Marlys