Waƙar Kaka ta tsaya a baiti na uku

Zuwa ga Goggo Asabe,

Gaisuwa mai yawa. Yaya sanyin Jos, yaya maigida da yara? Ƙafar taki ta yi sauƙi? Mu nan garin Lafiya kalau muke, sai kewarki.

Inna ta haihu, mace, an sa mata sunan marigayiya Kaka. Ranar suna mata suka ce in yi wa jaririyar waƙar rainon gidanmu, wadda ake jera kakanni kowa da baitinsa. Na rungume ta na fara a hankali, amma a baiti na uku sunan kakan ya ɓace mini. Wata tsohuwa ta ce, "'Yata, ba a tsallake kaka fa." Na kasa ɗaga kai. Inna daga Assakio aka auro ta, ba ta iya ba. Baba kuma muryar kawai yake tunawa.

Goggo, cikin waɗanda suka iya ta ke kaɗai kika rage. Don Allah ki rera wa wani ya rubuto mini. Kafin nan, in na zo wurin, muryar nake ja ba kalmomi, don kada in tsallake shi.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Da kina nan, da a bakinki zan koya.

'Yarki,
Talatu