Buhun da Ban Ƙona Ba

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma mun kwasa da Baba a rumfa. Dillali ya kawo buhu biyu na gashin tumaki, ni na karɓa. Ina gaya wa Baba abin da na gani a tsohon ƙamus ɗina: wannan gashin da muke cusa wa katifa yana da sunansa na kansa a Larabci, suf. Na tunkiya kaɗai, ba a faɗa wa na akuya, balle na kan mutum. Ko kallona bai yi ba. Ya tsoma hannu a buhu ɗaya, ya murza, ya shinshina. "Malam mai ƙamus, kira shi yadda ka ga dama. Wannan daga jikin mushe aka fige shi. Je ka ƙona."
Wai da yatsa zai gane matacciyar tunkiya! Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba.

Laraba, 5 ga Maris
Ban ƙona ba. Na ɗebi kaɗan na cakuɗa cikin tulin mai kyau, in ga ƙarshen gwanintar.
Ya gane. Tun hantsi har la'asar yana tsincewa, da hannun nan da almakashi ya yanka shekaranjiya. Da ma zagina ya yi.

Asabar, 8 ga Maris
Ƙurji a bayan hannun Baba. Inna ta ce cizon ƙwaro ne.

Litinin, 10 ga Maris
Tsakiyar ƙurjin ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Kumburi har gwiwar hannu. Ya ce ba zafi, ƙaiƙayi kawai, har dariya yake yi.
Na buɗe wani littafina na cututtukan dabbobi, mara bango. Shafi na sittin da ɗaya, ga hoton, sak. Ciwon saifa. Yana kashe dabba, ya zauna a gashinta, ya shiga mutum ta rauni. "Ba ya zafi," in ji littafin. In ya kai jini kuwa...
Na rufe. Na sake buɗewa. Bai canza ba.

Talata, 11 ga Maris
Ban gaya wa kowa abin da na karanta ba. In na faɗa, sai an tambayi ta ina ya samu. Sau bakwai na wanke hannu. Ina ta duba jikina kamar biri.

Laraba, 12 ga Maris
Zazzaɓi ya rufe Baba. Da safe ya kasa riƙe buta.
Na ce Baba tashi mu tafi asibiti. Ya ce a kan ƙurji? Na yi masa tsawa, Allah Ya yafe mini, Inna har ta yar da kwano. Sai na ji bakina ya ce, "Ni na zuba gashin a tulin."
"Na sani. Wane ne kuma mai wannan taurin kan a gidan?" Sai ya ƙara da cewa, "Littafin naka ya ce mutuwa zan yi?"
Na ce in an yi sauri, a'a.
"To miƙo mini hulata."

Alhamis, 13 ga Maris
Sun riƙe shi. Likita ya ce da mun ƙara kwana biyu... bai ƙarasa maganar ba. Da na faɗa tun Litinin fa, ko Talata?
An sa na ƙona tulin gaba ɗaya, har da buhunan. Ni ma an ba ni ƙwayoyi.

Asabar, 15 ga Maris
Kumburin bai sauka ba. Inna ba ta yi mini magana.

Talata, 18 ga Maris
Yau ya lanƙwasa yatsunsa. Ya sha shayi da kansa, ya zubar da rabi a gado, ya ce laifin kofin ne.
Ya sa na karanta masa shafin. Ya saurara ido a rufe, sai ya ce, "Sun yi ƙoƙari. Amma ba su faɗi yadda ake ganewa ba."
Na ce yaya ake ganewa. Tambaya ce kawai.
Ya ce wanda aka aske, bakinsa a yanke yake, daidai wa daida. Na mushe kuwa da saiwarsa yake fitowa, kuma ba ya da maiƙo a hannu.
Na rubuta a ƙasan shafin. Da ma akwai fili a wurin.