Haƙurin da Na Bayar da Sunan Rukayya

Zuwa ga ƙanena, marigayi Salisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Yana sanyaya maka makwanci, ina sanar da kai mutanen gida suna lafiya. Unguwarmu Magajiya tana nan yadda ka bar ta, sai dai keke-napep sun ƙaru, hanya kuwa ba ta ƙaru ba.

Ba labarin gari ne ya sa na ɗauki biro ba. Ɓarna na yi wa 'yarka, ga shi ba ka nan balle ka ɗaure mini fuska kwana uku yadda ka saba, don haka zan faɗa a inda jama'a za su gani.

Rukayya tana ajin ƙarshe a jami'a aka kore ta. Ana cikin jarrabawa mai sa ido ya tsinci wata 'yar takarda a ƙarƙashin bencinsu, cike da amsoshi. Benci ne na mutum huɗu, wasu ma sun zauna a kansa da safe. Ita ce kusa, ita aka rubuta. Takardar kora ta zo, da sharaɗin tana da mako biyu ta ɗaukaka ƙara.

Ina zaure ta kawo mini. Ta durƙusa ta ce za ta rubuta musu a gwada rubutun da nata. Ni kuwa, yayanka mai furfura, na ce ta bari, wannan maganar manya ce. Ban tambaye ta ko ta yi ba. Riƙe wannan da kyau, domin a nan komai ya lalace.

Na yi abin da muka tashi muka ga ana yi. Na zura babbar riga, na roƙi limamin unguwa ya raka ni, muka shiga mota. Muka wuni a kan benci kafin wani babba a ofishin ya ce mu shigo. Ya miƙe ya gaishe mu da Hausa tsantsa, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Na gyara murya na ce yarinya ce, ta yi kuskure, a yi haƙuri, ba za ta sake ba, marainiya ce. Liman ya ɗora da addu'a. Wata sakatariya a gefe tana ta rubutu, har na ce a raina, kai, ga wurin da aka san darajar maganar tsoho.

Da Rukayya ta je kai tata takardar, sai aka buɗe mata fayil. An rubuta cewa mariƙinta ya bayyana da kansa, tare da shaida, ya amsa cewa ta aikata.

Ka tuna ranar da kwalbar fitilar Baba ta fashe? Ba kai ka fasa ba. An tsula maka dorina ka ƙi cewa a yi haƙuri, kana ta faɗin "ni ban yi ba", har ni na durƙusa na bayar a madadinka. Ka yi mako ba ka ci abinci kwano ɗaya da ni ba. A lokacin taurin kai na kira abin. Ashe shekara sittin ban koyi komai ba.

Amma mutumin ofishin nan, Salisu, shi ne ke tayar mini da zuciya. Ɗan gida ne. Ya san idan tsoho ya ce a yi haƙuri ba shaida yake bayarwa ba, kwantar da magana yake yi. Nasa uban ma haka zai yi. Yana ce mini "babu komai, Baba", yana yi wa sakatariya ido. Na kawo musu sauƙin aiki har ofis: ba sai sun gwada rubutu ba, ba sai sun nemi sauran mutum ukun ba. Har bakin ƙofa ya rako mu.

Rukayya ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Baffa, ko sau ɗaya ba ka tambaye ni ba." Ta ci gaba da kawo mini tuwo tana durƙusawa, amma daga gaisuwa ba ƙari. Gara dorina.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika na je Kwamba, inda ake buga takardu. Na ce a rubuta: ni wane, ba na ɗakin jarrabawa, ban tambayi yarinya ba, na faɗi abin da ban sani ba. Na sa hannu. Ranar zama na tsaya gaban kwamiti, ba liman, na ce na zo ne in karɓi haƙurin da na bayar. Wasu suka yi dariya. Rukayya ta rubuta shafi guda a gabansu, aka jera shi da waccan takarda. Ni da yanar ido ta fara kamawa na ga bambanci tun daga inda nake.

Ka san me suka yanke? Sun mayar da kora ta zama dakatarwa ta shekara guda, wai don jinƙai. Ba su wanke ta ba, domin wanke ta na nufin wani a cikinsu ya yi kuskure, su kuwa ba sa yi. Shugaban ya karanta, ya cire tabarau, ya tsaya yana jiran godiya. Wallahi har na fara durƙusawa zan gode. Sai na ji Rukayya ta riƙe gefen rigata. Muka fito ba mu gode ba, ni da 'yarka.

Yanzu tana gida. Abokan karatunta za su tafi bautar ƙasa, ita tana wanke-wanke, tabon yana nan cikin fayil. Ta ce za ta sake rubutawa sai an goge shi. Na ce zan raka ta, in zauna a waje in yi shiru. Ta dube ni, ta yi ɗan murmushi, shi ne na farko tun da abin ya faru.

Ka yafe mini amanarka da na riƙe da garaje. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya wanke Rukayya a idon duniya. Ni kuma Ya ba ni ikon tambaya kafin in buɗe baki, ko da a 'yan kwanakin da suka rage ne. Amin.

Naka har mu haɗu,
Yayanka, Idi