An Gyara Shafin Baba

Yaya Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ya Mama da yara, da mutanen Unguwar Kanawa? Ni lafiya lau, abinci ne kawai ba ya shiga.

Kin tuna shafin intanet na laburarenmu na nan Malesiya, wanda kowa ke iya shiga ya gyara, inda na rubuta tarihin sana'ar ɗinkin hula ta Baba, Malam Salisu, na turo muku? Ranar Talata na tarar Suhaib ɗan Kawu ya ƙara layi ɗaya: "Malam Salisu ya rasu, Allah Ya jiƙansa."

Na san saboda jarrabawa kuka ɓoye mini. Kada a yi wa Suhaib faɗa. Ban yi kuka ba, tashi na yi na ci gaba da aikina na jera littattafai a laburaren.

Akwai wurin da ake dannawa rubutu ya koma yadda yake a da. Na danna, layin ya ɓace, Baba ya dawo shagonsa yana ɗinki. Na zauna ina kallo har la'asar, sannan na mayar da layin Suhaib da hannuna.

Allah Ya ba mu haƙuri. Ki gaya wa Mama na sani, ta daina yi mini dariyar dole a waya.

Ƙanwarki,
Juwairiyya