Gero Na Watsa, Ba Ɓera Ba

Zuwa ga Dakta Kabiru,
shugaban kwamitin 'yan sa-kai na gandun tsuntsayen bakin teku.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara, da kuma haƙurin wannan sanyi.

Ranka ya daɗe, ni ne Yusufu direba, ɗan Maraɗi da ke zaune a garin Landover, wanda kake tararwa kowace Asabar a kan gadar katako riƙe da tsohuwar kamara. Na kira ka sau huɗu. Na je wurin aikinka a Silver Spring, aka ce kana duba marasa lafiya. Shi ya sa na sa wannan takarda a zauren jama'armu na waya, inda kowa zai karanta. Bokona bai yi nisa ba, in na yi tuntuɓen rubutu a gafarce ni. Amma abin da idona ya gani, ba na tuntuɓe a kansa.

Na ɗaya, laifina. Ba na musu, na watsa gero. Inna, Allah ya jiƙanta, duk Juma'a sai ta watsa wa tsuntsaye hatsi a tsakar gida, sadaka ce ga iyayenta. Da ta rasu bara ban samu zuwa jana'iza ba, sai na ɗauki wannan al'ada tata. Tafi ɗaya nake zubawa a gefen wurin ajiye motoci na kudu, kurciyoyi da gwarare su tsince. Wallahi ban san haramun ne a gandu ba. Da wata ma'aikaciyar gandun ta kama ni, ta yi mini bayani cewa hatsi yana saba wa tsuntsun daji da mutum, na fahimta, na ba da haƙuri, na share wurin da hannuna.

Na biyu, abin da aka rubuta a kaina. Bayan kwana uku takarda ta zo gida. Ba gero aka rubuta ba. An ce ni ne mai jefa wa farar mujiyar nan da ta sauka a gandun ɓeraye masu rai don in ɗauke ta hoto, kuma ta dalilina ta saba da titi har mota ta karya mata fiffike. An hana ni shiga gandun. Wannan da sauƙi. Lauyar da ke riƙe da maganar takardun zamana ta ce in kwamitinku ya tura zargin gaba kamar yadda yake, zai zama laifin cutar da dabbar da doka ta kare, kuma sai na amsa tambaya a kansa ranar da za a tantance ni a watan Maris. Shekara shida ina jiran wannan rana, ko jar fitilar hanya ban taɓa ƙetarewa ba.

Na uku, abin da na gani, kuma kai ma ka gani. Mujiyar nan ta sauko daga arewa a farkon hunturu, ta zauna a kan tudun yashi na gabas. Mako biyu ina kallonta daga nesa. In mutum ya matso, takan miƙe wuya, ta buɗe ido, ta tashi. Haka tsuntsu mai lafiya yake. Daga baya halinta ya sake. Ta daina kallon ciyawa, ta koma kallon hannun mutane. In wani ya sunkuya ya buɗe jaka, sai ta karkato kai ta tsuguna, tana shirin zuwa. Na yi tsaron gonar hatsi tun ina ƙarami, na san tsuntsun da aka saba ba wa abu a hannu.

Sai na fara lura da mutane maimakon tsuntsu. Akwai mutum uku masu dogayen kamarori da ke zuwa da farar mota. Ɗaya yana riƙe da farin bokiti mai huji-huji a murfi. Yakan juya baya ga jama'a, ya jefa ɓera a kan ƙanƙara kusa da titi, inda haske ya fi kyau, sauran biyun suna kwance rub da ciki suna dannawa. Asabar biyu a jere aka yi haka. A ta biyun kana tsaye kusa da ni, shayina ne ma a hannunka. Na taɓa ka na nuna maka. Ka duba, ka girgiza kai, ka ce mini za ka yi musu magana a hankali, tsofaffin membobi ne.

Dakta, mujiya ba ta cin gero. Inda nake watsawa da inda aka buge ta, tafiyar rabin sa'a ce a ƙasa. Amma ni aka kama da abu a hannu, ni ne baƙon da Turancinsa ke sarƙewa in ya tsorata, sai aka haɗa laifi biyu aka ɗora wa mutum ɗaya. Da ma'aikaciyar ta tambayi 'yan kwamiti ko akwai wanda ya ga wani abu, an gaya mini kana cikin ɗakin, kuma ba ka ce uffan ba.

Na san mutanen nan uku suna da nauyi a idonka. Tare kuke ƙirga fararen dinya, agwagin dajin nan, duk shekara tun kafin in zo ƙasar nan, hotunansu ne a bangon ofis. Ban ce ka tozarta kowa ba. Mako uku ban kai maganar gaban jama'a ba, ina cewa babba ba a gaggauta shi. Kullum da asuba in na fita aiki, sai in duba waya ko ka aiko da saƙo. Yanzu an ce Alhamis mai zuwa za ku zauna ku yanke.

Don haka ga roƙona. Ka faɗa wa kwamiti abin da ka gani, ba ƙari ba ragi. Ka karɓi hotuna tara da ke cikin kamarata, akwai bokitin a ciki, akwai motar, da rana da lokaci a jikin kowanne. Na yi ƙoƙarin kai su, aka ce sai ta hannun ɗan kwamiti. Sannan a hukunta ni a kan gero, komai tsawon hanin zan ɗauka, amma a cire mini ɓera daga sunana.

Ofishin da za ku zauna yana cikin gandun, ni kuwa an hana ni taka ciki. Saboda haka ranar Alhamis tun ƙarfe takwas zan tsaya a bakin ƙofa, ta waje, da katin kamarar a cikin ambulan. Hanya ɗaya ce, dole motarka ta biyo ta gabana. Ba zan ɗaga hannu in tare ka ba, ba zan kira sunanka ba. Sauke gilashi kawai ake bukata.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya albarkaci hannunka a kan marasa lafiya, ya raya zuri'a, ya sauƙaƙa maka faɗin gaskiya a inda take da nauyi.

Wassalam.

Ɗanka,
Yusufu direba, Landover.