Ƙwayar da Ke Aljihun Baba

Zuwa ga ƙanina abin ƙaunata, Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, karatu yana tafiya daidai. Allah ya ƙara maka lafiya da basira. Mu nan duk ƙalau muke, har Mama ta yi ƙiba, ko da yake ba ta yarda a faɗa.

Albishirinka, Baba ya koma shagonsa na aski! Ka san yadda firgicin nan ya zaunar da shi a gida, yana tsaka da aski sai gabansa ya faɗi, numfashi ya sarƙe, hannu ya hau rawa. Ni da bakina, na tsare likita na ce lallai ta rubuta masa maganin kwantar da hankali ya riƙa sha kullum. Ta ƙi. Ta ce sai abin ya yi tsanani ake ba da shi, kuma na ɗan lokaci, don jiki yana sabawa da shi. Ta kuma tambaye ni ko zan miƙa wuyana ga mai aska yana gyangyaɗi. Ashe maganin yana sa barci. Ta ɗora shi a kan wani maganin mai aiki a hankali, ta koya masa jan numfashi, sannan ta ba shi 'yan ƙwayoyi na wancan da na nema don ranar da abin ya gagara.

Da ƙwayar ta rage saura ɗaya, sai ya naɗe ta a takarda ya sa a aljihun rigar aikinsa. In gabansa ya fara faɗuwa ya ajiye askar, ya dafa aljihun, ya ja numfashi har ya wuce. Cewa yake ita ke riƙe da shi. Jiya ya ciro takardar zai nuna wa Kawu, sai ga ta a cukurkuɗe, ba komai ciki. Ashe tun watan jiya Mama ta wanke rigar da ƙwayar a ciki! Na ce shi ke nan, yau za a rufe shago. Baba ya daɗe yana kallon takardar, sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya zaunar da Kawu ya gyara masa gemu tsaf, hannu ko gezau. Ni kuka na yi, Auta, don daɗi.

Mama da Kawu da Gwaggo suna gaishe ka. Baba ya ce ya ga hotonka, ka dawo da wannan sumar taka da kansa zai aske ta.

Taka har kullum,
Yayarka